Wace Windows zan ɗora wa tsohuwar laftof ɗina?

Malama Hadiza, Mabera: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. Yayana ya sayi sabuwar kwamfuta, sai ya bar min tsohuwar, HP EliteBook 8440p, Core i5, ram ɗinta gig 4, Windows 7 ke ciki. Da ita nake buga tambayoyin jarrabawar ajina da sakamakon yara. To yanzu Chrome ta daina karɓar sabuntawa, wasu shafukan su buɗe rabi, wasu su ƙi gaba ɗaya. Ga nauyi: in na kunna ta sai in ɗora ruwan shayi kafin ta gama farkawa. Kuma 'yata za ta zauna JAMB baɗi, tana so ta riƙa gwaji a kai. Na kai ta wajen masu gyara biyu. Na farko ya ce a zuba mata Windows 11, na biyu ya ce ko da wasa kada in bari a taɓa 7 ɗin. Wanne zan bi?

Sani Mai Taifin, Dandima: Wa alaikumus salam Malama. Na biyun nan shi af faɗa miki gaskiya. Kwamfuta huɗu gare ni shago, ukku duk 7 ta ciki, CorelDRAW X3 na gudu awa ruwa, firinta ba ta taɓa yi min gardama ba. Wadda anka sa ma 10, kullum tana cikin afdet, ta shanye data, kwastoma na tsaye yana jira. Tsohon doki, tsohon sirdi.

Injiniya Mustapha: Sani, tambaya ɗaya. Ukun nan naka, nawa ke hawa intanet?

Sani Mai Taifin, Dandima: Ko guda. Mai 10 ɗin ita ka shiga intanet, da ita muke rajistar yara.

Injiniya Mustapha: To ka ga ka amsa wa kanka. Aikinka da na Malama ba ɗaya ba ne. Kai ka rufe naka a ɗaki, ita tata za ta fita kasuwa.

Malama, bari in yi miki bayanin abin da ya sa shafuka ke ƙin buɗewa. Windows 7 ta fito a 2009, kamfanin Microsoft ya daina tura mata gyaran tsaro ranar 14 ga Janairu 2020. Duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano a jikinta daga ranar zuwa yau, a buɗe take. Chrome kuma ta tsaya a lamba 109 a kan Windows 7 tun farkon 2023. Su kuwa shafukan intanet kullum gaba suke yi, to dole wata rana su wuce burauzar da ta tsaya wuri ɗaya. Firefox ta ɗan yi wa masu 7 kara, ta bar musu samfurinta mai lamba 115 ESR ta yi ta jan wa'adinsa, amma wannan lallaɓawa ce kawai. In za ki shiga imel, ko banki, ko shafin rajista, ni ba zan ce ki zauna a 7 ba.

Batun nauyi kuma, kada ki ɗora wa Windows laifin duka. Mu dawo kansa.

Ɗan Illela: Ku daina wahalar da baiwar Allah. Rufus kawai, manhajar nan da ke zuba Windows a filashi, a cire sharuɗɗan da 11 ke gindaya wa inji, a zuba ta. Minti talatin an gama. Ni na sa wa ƙanena a irin wannan injin.

Injiniya Mustapha: Za ta shiga, ban musa ba. Amma shiga daban, zama lafiya daban. Windows 11 tana neman TPM 2.0, wato guntun tsaro da ke cikin injin, da furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Wannan injin na 2010 ne, zubin farko na Core i5, TPM ɗinsa 1.2. In aka tsallake sharuɗɗan da Rufus, Microsoft ta faɗa a fili ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da ba irin wannan injin sabuntawa ba. Kuma mun ga misali: da sabuntawar 11 mai lamba 24H2 ta fito, masu Core 2 Duo da suka yi wannan dabarar sai ta ƙi tashi a kansu sam, saboda furosesar ba ta da wani umarni da ake kira POPCNT. Ta Malama tana da shi, yau ta tsira. Gobe fa? Ga ram gig 4, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da 11 ke nema. Kamar ka ɗora wa jaki buhun gero uku ne ka ce ai yana tafiya.

Ɗan Illela: Ai kuwa yana tafiya, Injiniya 😂

Abba, ɗalibin kimiyyar kwamfuta: Anti, da izinin manya. Ni ina ganin duk ana zagaye ne, ba a ambaci abin da ya dace da injin nan ba: Linux Mint, wadda ake ɗorawa a madadin Windows, samfurin Xfce mara nauyi. Kyauta ce, ba lasisi, ba kirak, wato manhajar da aka fasa makullinta. Mint 22 za ta ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Gig 2 na ram ma tana tashi da shi, gig 4 kuwa ta wadata. Tana zuwa da Firefox sabuwa da LibreOffice, wanda ke buɗe fayilolin Word da Excel. Fuskar ta ma kusan irin ta Windows 7 ce, maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu. Ni da ita na yi furojet ɗina a kan tsohuwar Dell, har na kare shi.

Wani abin kuma, bairos ɗin nan na filashi da ke mayar da fayiloli gajerun hanyoyi, wanda duk wanda ya taɓa kai filashi shagon fotokwafi ya san shi, ba ya aiki a Linux. Sai ma ki buɗe filashin ki gan shi zaune, ki goge shi da hannu.

Sani Mai Taifin, Dandima: Abba, kai da wagga Linux taka. Corel fa? Ka sa min Corel ciki in gani.

Abba, ɗalibin kimiyyar kwamfuta: Yaya Sani, Corel ba ta hawa, gaskiya ne. Akwai Inkscape, ita ma ta zane ce. Amma ai Anti ba ta ce tana zanen katin biki ba.

Sani Mai Taifin, Dandima: To saurara. Ranar da tab buga jarrabawa da wanga Libre naka, ta kawo min in fitar, tebur ya goce, lambobin tambaya sun hau juna, wa za ta kira? Kai kana aji. Duk garin ga, daga Kofar Atiku har Arkilla, masu gyara nawa ka iya taɓa Linux? In Windows ta lalace, ko yaron shago na gyara ta.

Abba, ɗalibin kimiyyar kwamfuta: Maganin gocewar tebur mai sauƙi ne, ta mayar da fayil ɗin PDF kafin ta kawo maka, LibreOffice na da maɓallin a sama. Amma maganar masu gyara, wannan ka kama ni. Ba ni da amsa mai ƙarfi.

Malam Nasiru, Runjin Sambo: Abba, Allah ya yi maka albarka, ni ma zan ƙara maka nauyi kaɗan. Wani ɗalibina ya taɓa sa min Linux, na ji daɗin saurinta ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Rubutun Larabci ma ba matsala. Amma Maktaba Shamila da nake bincike da ita manhajar Windows ce. Ya ce za a bi ta wani abu wai shi Wine. Mun kwana biyu muna fama, wani lokaci ta buɗe, wani lokaci haruffan su watse. Daga ƙarshe na ce ya mayar min da abin da na sani. Shi ya sa nake ganin kafin a tambayi wace Windows ko wace Linux, a fara zama a rubuta manhajojin da mutum ba zai iya rabuwa da su ba. Malama ta ambaci gwajin JAMB. Waɗanda na gani a hannun yarana duk fayilolin Windows ne. A duba wannan tukuna.

Malama Hadiza, Mabera: Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne. Wadda aka ba ta a makaranta a filashi take, sunanta ya ƙare da exe. Sannan ina buga Hausa, ina bukatar ƙ da ɗ da ɓ. Yanzu kwafo su nake yi ɗaya-ɗaya daga wani tsohon fayil.

Abba, ɗalibin kimiyyar kwamfuta: Haba Anti, wannan wahalar ba dole ba ce. Windows 10 na da kibod ɗin Hausa a cikin saitin harshe, Mint ma na da shi a ƙarƙashin Najeriya. Ƙara shi kawai za a yi.

Baba Alhaji, Gidan Igwai: Ni dai ban san wagga Windo da kuka ta hwaɗi ba, jikana ka karanta min. Amma mun yi aikin ofis da keken rubutu shekaru, kuma abin da nis sani shi na, kowane inji garin ga ƙura ka kashe shi kahin tsuhwa. Hunturu ya wuce, ya cika komi da ƙasa, yanzu ga zahi ya taho. Ɗiyata, an taɓa buɗe ta anka share?

Malama Hadiza, Mabera: Baba, ban jin an taɓa. Gefen hagunta har ƙona hannu yake yi, fankar kuma ƙara kamar injin markaɗe.

Injiniya Mustapha: Ranka ya daɗe Baba, ka riga ni. Wannan shi ne nauyin da na ce za mu dawo kansa. Furosesa in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. A garin da Afrilu ke haura digiri 40, in ƙura ta toshe mafitar iska, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe tun shekaru, ko wace Windows kika zuba rarrafe za ta yi. Sai mutum ya yi ta fomatin yana zagin manhaja, alhali injin numfashi ne ya gagare shi.

Ga yadda zan yi in tawa ce, kuma jerin yana da muhimmanci.

A fara buɗe ta, a busa fanka da ragar, a goge tsohon man a sa sabo. Ki daina ɗora ta kan katifa ko darduma, ƙasanta ne hancinta.

Sai rumbun ajiya. Wanda ke ciki mai faifai ne da ke juyawa, kuma shekarunsa sun ja. A cire shi a sa SSD, rumbun da ba shi da faifai, irin na SATA mai inci 2.5, ko gig 128 ne ya isa aikin Malama, 256 ya fi kwanciyar hankali. A duk kuɗin da za a kashe wa tsohuwar kwamfuta, babu wanda ake ganin amfaninsa nan take kamar wannan. Ruwan shayin nan ba zai ma yi ɗumi ba ta gama tashi. Kuma SSD ba ya tsoron girgizar babur ko Keke Napep kamar mai faifai.

Sai ram. Injin nan yana ɗaukar har gig 8, DDR3, gig 4 sau biyu. A nan ake yawan asarar kuɗi: waɗannan na zubin farko sukan ƙi ram mai gig 4 da ke da ƙwayoyi takwas kacal, sun fi son mai takwas a kowane gefe, wanda aka rubuta 2Rx8 a jikinsa. Kada ki aika yaro ya sayo. A je da laftof ɗin, a sa, a kunna a gaban mai shago, sannan a biya.

Bayan wannan ne ake maganar abin da za a ɗora, kuma ni Windows 10 mai 64-bit zan ce, 22H2, wato samfurinta na ƙarshe. Kada a bari a sa miki 32-bit, don ba ta ganin ram da ya wuce gig 3 da 'yan kai, sauran ya tafi a banza.

Abba, ɗalibin kimiyyar kwamfuta: Injiniya, da girmamawa, a nan ne zan tsaya maka. Ka kori 7 saboda an daina gyara ta, to ai 10 ma an daina tun 14 ga Oktoba 2025. Me ya raba su?

Injiniya Mustapha: Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba. Abu biyu. Na ɗaya, akwai shirin ƙarin gyaran tsaro da ake kira ESU, wanda aka sanar a 2025 cewa zai kai masu amfani na gida har 13 ga Oktoba 2026. Ana shiga ta asusun Microsoft, kuma akwai hanyar kyauta in ka yarda a ajiye saitinka a asusun. Na biyu, burauzoji da sauran manhajoji ba su juya wa 10 baya ba tukuna. Ka tuna 7 ta mutu a 2020 amma Chrome ta bi ta har 2023. Saboda haka 10 gada ce, ba gida ba. Ta ishi yarinya ta yi gwajinta, ta ishi Malama ta ci gaba da aikinta da Word ɗin da ta saba. Bayan nan, ko dai a tara a sayi injin da ke ɗaukar 11 da gaskiya, ko a zo wajenka. Ban ƙi Mint ba, ita ce a tsohuwar ThinkPad ɗin da ke gidana.

Ɗan Illela: Akwai wata 10 da ake ce ma LTSC, an ce har 2032 take kaiwa. Kuma akwai masu sauƙin nan da aka rage musu kaya, Lite. Yaron da ke min aiki yana da su duk a filashi ɗaya.

Injiniya Mustapha: Ta 2032 ɗin ita ce IoT Enterprise LTSC 2021, an yi ta ne don na'urorin kamfanoni, lasisinta ba na mutum ɗaya a gida ba ne. Abin da ke yawo a filashi kuwa kirak ne. Su kuma Lite, wani ne da ba ka sani ba ya buɗe Windows ya cire abin da ya ga dama. Wa ya gaya maka bai ƙara wani abu ba? Sau da yawa abin da suke fara cirewa shi ne Defender da hanyar sabuntawa, wato ƙofa da mai gadi. A kan irin wannan za ka buga lambar sirrin banki?

Sani Mai Taifin, Dandima: Kullum tsoro kuka ba mutane. Wa zai bar bankunan duniya ya zo Mabera satar tambayoyin aji huɗu?

Malam Nasiru, Runjin Sambo: Sani, ba mutum ne ke zama yana zaɓe ba, abin yawo yake da kansa kamar annoba. A Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Waɗanda ta kama, galibi waɗanda ba su sa gyaran da aka riga aka fitar ba ne. Abin ya kai Microsoft ta fitar da gyara har ga XP, wadda ta sallama tun 2014. Ba ta tambayar ko kai wane ne, ƙofa a buɗe kawai take nema.

Sani Mai Taifin, Dandima: Na ji, Malam. Ni dai nawa ba su fita waje.

Abba, ɗalibin kimiyyar kwamfuta: Amma filashin kwastomomi na shigo musu har ɗaka, Yaya Sani.

Sani Mai Taifin, Dandima: Yaro, ka kiyaye ni 😅

Maman Ilham, Arkilla: Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda ana ciki. Akwai wata HP Compaq 6910p ta maigidan, ram gig 2, yara ke kallon karatu da ita. Ita ma 10 ɗin?

Injiniya Mustapha: A'a Hajiya, ita wannan Core 2 Duo ce mai DDR2, iyakarta gig 4, kuma samun DDR2 mai gig 2 yanzu sai an tona. Da gig 2, Windows 10 azaba ce. Abba, filinka ne.

Abba, ɗalibin kimiyyar kwamfuta: Hajiya, in ba ta hawa intanet, bidiyo kawai ake kunna wa yara daga filashi, a bar ta yadda take, a sa VLC, shi ke nan. In za ta hau, Mint Xfce za ta tashi amma kada a buɗe shafuka da yawa lokaci ɗaya. Wadda ta fi ta sauƙi ita ce antiX, an yi ta ne musamman don irin waɗannan tsofaffin. ChromeOS Flex da wasu ke ambata gig 4 take nema, kuma kusan komai nata sai da intanet, ga tsadar data.

Anti Hadiza, roƙo ɗaya. Kafin a zuba komai, a sa Mint a filashi, a kunna laftof ɗin ana danna F9, a zaɓi filashin. Za ta tashi daga can ba tare da ta taɓa komai na ciki ba. Ki gwada ta rabin awa. In ba ta yi miki ba, a zare filashi, kamar ba a yi ba.

Injiniya Mustapha: Na goyi bayan wannan. Kuma Malama, duk wanda zai yi aikin, kada ki ba shi dama ya yi fomatin tsohon rumbun. A cire shi lafiya lau, a saya masa ɗan gida mai wayar USB, ya zama ma'ajiyarki ta waje. Takardunki duk suna nan. A tabbata batir ko caja na riƙe wuta kafin a fara, don in aka ɗauke wuta ana tsakiyar ɗorawa, sai an koma farko. A kuma duba lasisi: hanyar hawa 10 kyauta da lambar 7 an rufe ta tun 2023, to ki tambayi mai aikin wace lamba zai sa, kada ya ce miki "ai mun san yadda muke yi".

Malama Hadiza, Mabera: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na rubuta komai a takarda. Zan dawo da labari in sha Allahu.

Malama Hadiza, Mabera: Salam. Alkawari kaya ne, ga ni na dawo bayan kwana tara. Baba, maganarka ta fito: abin da aka ciro daga fankar nan kamar an yanko tsumman bargo. An sa SSD mai gig 256. Ram ɗin farko da aka gwada ƙin tashi ta yi, sikirin baƙi ƙirin, sai da aka samo mai ƙwayoyi gaba da baya kamar yadda Injiniya ya ce. Guda ɗaya kawai na iya saya, yanzu tana da gig 6, in albashi ya shigo a cika.

Abba, na gwada Mint ɗinka daga filashi, kuma wallahi ta burge ni, har wayales ta kama da kanta. Amma manhajar gwajin yarinyar ba ta buɗe ba, ita kuma saboda ita aka fara maganar. Saboda haka 10 aka sa, an yi rajistar ESU ɗin. Filashin Mint yana cikin jakata, na ce kada a goge shi, in ta gama jarrabawa za mu sake zama. Kibod ɗin Hausa ma an sa, jiya na buga takarda guda ban kwafo ƙ ko sau ɗaya ba.

Saura abu ɗaya: tsohuwar firintata ta ƙi amsawa tun da aka canza. Tana kunnuwa, kwamfutar na yin ƙarar an jona abu, amma ba ta fitowa a jerin.

Sani Mai Taifin, Dandima: Kun gani ko? Mi nic ce? Direba na, Malama, 'yar manhajar da ka haɗa firinta da kwamfuta. Turo min hoton lambar da ke rubuce bayanta, ko ki aiko yaro da ita shago bayan la'asar.